Ranar da Aka Aske wa Farfesun Hajiya Ƙugiya

In kana neman mutumin da bai taɓa cewa "ban sani ba" tun da aka yanke masa cibiya, to ka hau mota zuwa unguwar Daɗin Kowa a Jos ka tambayi Shu'aibu Injiniya. Sai dai ina ba ka shawara, kada ka kuskura ka tambaye shi inda ya karanta injiniyancin, don la'asar za ta wuce ka kana tsaye. Gaskiyar magana ita ce shekara ɗaya da rabi ya yi a shagon intanet na Oga Livinus, yana buɗe wa mutane imel yana gaya musu lokacinsu ya ƙare. A nan ya ji wani ɗan jami'a na cewa masu haɗa shafin intanet ba su da oga, su ne ke ɗaukar aiki, su ne ke ajiyewa. Shi ke nan fa, magana ta shige shi. Kafin mako ya zagayo ya ajiye aiki ya buga kati: "Injiniya Shu'aibu, Maginin Shafukan Yanar Gizo, Jos, Abuja, Landan." Abujar sau ɗaya ya je, rakiyar amarya. Landan kuwa a kalanda ya san ta.

A daminar dubu biyu da shida aka yi wannan, kuma ba banza ta sa shi wannan zumuɗi ba. Ƙofa uku daga shagon Livinus akwai gidan abincin Hajiya Suwaiba, wadda ta yi shekara ashirin tana dafa farfesun ƙashin saniya da babu irinsa daga nan har Bukuru. Hajiya tana da 'ya, Fiddausi, ita ke miƙa kwanuka. Shu'aibu ya sha farfesun nan har cikinsa ya fara ƙorafi, duk don Fiddausi ta ce masa "a ƙaro romo?" Da ya ga yarinya ta fara dariya in ya yi magana, sai ya wanke kaftaninsa ya je ya durƙusa gaban uwar.

Hajiya ba ta ko ajiye ludayi ba. Ta ce, "Na ji. Mece ce sana'arka?"

"Hajiya, ni magini ne."

Ta dubi hannunsa. "Magini? Wannan hannun ko buhun gishiri bai taɓa ɗauka ba, balle siminti."

"A'a Hajiya, ni a cikin iska nake gini."

"To madalla. Ni kuwa ba zan ba da 'yata ta je ta zauna a ɗakin iska ba."

Da wani ne, da ya tashi ya kaɗe gwiwa ya tafi. Shu'aibu sai ya gyara zama. Ya ce mata duniya ta ci gaba, yau mutum yana Amurka zai ga tukunyarta yana lashe baki. Ya ce manyan ma'aikatan nan da ke zuwa kwas a Kuru ba sa cin abinci a inda ba shi da shafi. Wannan ta taɓa Hajiya, don kuwa ta daɗe tana so motocin nan masu baƙin gilashi su riƙa tsayawa a ƙofarta.

Ta ce, "To ka gina wa farfesuna. Zan tara mutane a buɗe a gabansu. In ka fitar da ni kunya, ka turo manyanka. In ka kunyata ni, ko inuwar rumfata kada ka sake bi."

"Hajiya, ki ɗauka an ɗaura."

"Ban ɗauka ba. Tashi ka ba ni wuri, tukunya na ƙonewa."

Matsala ɗaya ce 'yar ƙarama. Shu'aibu bai taɓa gina shafi ba, bai ma san da me ake ginawa ba. Washegari ya sauka kasuwar Taminus wajen Jabir mai sayar da faya-fayan kwamfuta a kan tebur, ƙarƙashin lema.

"Jabir, manhajar gina shafi nake so. Ta ƙwararru, ba ta yara ba."

Jabir ya zaro faifai uku ya jera. "Wacce ka saba aiki da ita, Injiniya?"

"Duk na saba. So nake in ga wacce ta fi ladabi."

Ya kwaso su ukun ya dawo shagon Livinus, inda har yanzu ake barinsa ya zauna don tsohon sabo. Ya sa na farko. Allo ya yi baƙi, sai wani ɗan ɗigo fari yana ƙifta masa ido, yana jira a rubuta masa wani abu. Shu'aibu ya rubuta sunansa. Babu abin da ya faru. Ya rubuta "Hajiya Suwaiba". Shiru. Ya rubuta "farfesu" har sau uku, ya buga maɓalli da ƙarfi kamar mai kashe kyankyaso. Awa biyu suna kallon juna shi da ɗigon nan, sannan ya zare faifan.

Esta, mai buga takardu a shagon, ta leƙo. "Oga Injiniya, yaya? Ya yi?"

"Wannan ta masu koyo ce. Na wuce nan tun tuni."

Na biyu da ya sa sai ga shi da wani harshe da ko Livinus, wanda ya yi yawon duniya har Kwatano, bai taɓa gani ba. Shu'aibu ya ce ai shi kwamfuta ba da karatu yake sarrafa ta ba, da basira ce. Akwati ya fito da maɓalli biyu, ya danna na dama. Wani ya fito, ya danna na dama. Na uku ya fito da jan rubutu da alamar motsin rai har uku, ya ce ja ai alamar ƙarfi ce, ya danna. Kwamfuta ta yi ɗan tunani, ta yi ƙara, ta share duk abin da ke cikinta, har da takardar waƙoƙin bikin cocin su Esta da ta kwana uku tana bugawa.

Wayyo, ranar Daɗin Kowa ta ji murya. Esta ta cire takalmi ta bi shi har bakin titi.

"Waƙa arba'in da biyu! Zumuntar mata suna jira na Lahadi! Kai injiniya ne ko gobara?"

Shu'aibu yana kewaya wata motar haya yana cewa, "Ki kwantar da hankali, ba su ɓace ba, suna cikin iska!"

"To shiga iskan ka kawo su!"

Livinus ya raba su da ƙyar. Ya nuna masa tsohuwar kwamfutar da ke lungu kusa da janareta. "Daga yau wannan ne naka. In ka taɓa wani, ni da kai sai ofishin 'yan sanda."

Faifai na uku yana da hoton damisa tana fitowa daga cikin wuta. Tun a bango Shu'aibu ya ji ya kwanta masa. Da ya buɗe kuwa sai ya miƙe tsaye ya yi kabbara. Ka rubuta kalma, ka danna nan, ta yi rawa. Ka danna can, ta kama da wuta. Akwai maɓallin da ke sa rubutu ya riƙa gudu daga dama zuwa hagu yana dawowa, akwai na taurari, akwai na kiɗa. Shu'aibu bai bar ko ɗaya ba.

"Wannan ita ce manhaja! Ku zo ku ga aiki!"

Fiddausi ce ta kawo masa abin da za a rubuta, a takardar makaranta, da rubutunta mai kyau, yadda Hajiya ta faɗa. Esta ba ta da riƙo. Da ta gama sake buga waƙoƙinta ita ce ma ta nuna masa yadda ake fito da baƙaƙen nan masu ƙugiya, ƙa da ɗa da ɓa, don kullum tana fama da su a waƙoƙin coci. Ta tsaya a bayansa tana kallon haruffa suna tsalle, ta ɗan yamutsa fuska.

"Oga Injiniya, wannan abin naka bai san Hausa ba fa. Irin su in ka tura intanet suna aske ƙugiya. Ka tura yau, ka duba a wani kwamfuta."

"Esta, Esta. Ke da aka ɗauka buga takarda, yau ke ce za ki koya wa injiniya gini? Ga ƙugiya nan kina gani, har rawa take."

"A nan tana rawa. A can fa?"

"Can da nan duk ɗaya ne a kimiyyance. Kuma ba zan tura ba sai ranar, kada abokan hamayya su sace mini fasaha."

"Su wa ke nan?"

"Ba za ki gane ba."

Esta ta ɗaga kafaɗa ta koma kujerarta. Ta ce ita dai ta faɗa, kuma Allah ya ji.

Ranar Asabar bayan azahar aka yi taro. Hajiya ta kafa rumfa biyu, ta ɗauko kujeru, ta yanka abin da ta yanka. Direbobin tasha sun zo, teloli sun rufe shago sun zo, matan unguwa sun cika baya da mayafai da rigunan sanyi. Mai unguwa yana gaba. Kusa da shi ga mutum huɗu daga masu kwas a Kuru, da wata babbar darakta a cikinsu mai gilashi, wadda Hajiya ta yi mako biyu tana aika mata farfesu kafin ta yarda ta zo. An ɗaure farin zanen gado a bango. An aro majigi, an ja waya tun daga shagon Livinus, ta bi ta gaban mai faci da mai kemis har cikin rumfa. Da safen nan Shu'aibu ya tura shafin, bai ko waiwaye shi ba, ya tafi wajen mai guga karɓo farar babbar riga.

Wanda aka ba makirufo shi ne Malam Badung, tsohon malamin Hausa da ya yi shekara talatin da biyar yana koyarwa. Rabin mutanen da ke rumfar nan sun sha dorinarsa a kan ƙugiya. Dokarsa ɗaya ce tun yana aji: abin da ka rubuta shi zai karanta, ba abin da kake nufi ba.

Shu'aibu ya karɓi makirufo ya yi jawabin minti ashirin. Ya ce yau Daɗin Kowa ta shiga duniya. Ya ce ya gwada manhajoji uku na ƙasashe uku kafin ya zaɓi wannan, wadda ko a Legas mutum biyu ne suka iya ta. Ya saci kallon Fiddausi, ta rufe baki da gefen mayafi. Sannan ya ce bismillah, ya danna.

Hoton Hajiya ya fara saukowa daga sama, layi-layi. Ɗaurin kallabi ya fito. Goshi ya fito. Gira ta fito. Daga nan ya tsaya cak.

Wani direba ya ce, "Hajiya leƙe take yi ta katanga?"

Shu'aibu ya ce, "Salo ne. Haka ake yi a Turai."

Sai kiɗa ya tashi, taurari suka zubo, rubutu ya fito ja wur yana ci da wuta, kowane harafi ya kai girman faranti. Jama'a suka yi tafi. Malam Badung ya gyara gilashi ya matsa kusa.

"Maraba da baki," in ji shi.

Aka ɗan yi dariya. Mai unguwa ya ce, "Baƙi dai, Malam."

"Ranka ya daɗe, baki aka rubuta. Gidan abinci ne kuma, ai bakin ne ke da aiki." Ya ci gaba. Layi na biyu ya shigo da gudu daga dama yana rawa. Malam ya buɗe baki, ya rufe. Ya cire gilashi ya goge ya mayar. Ya dubi Shu'aibu, ya dubi Hajiya.

Hajiya ta ce, "Karanta mana, Malam. Wannan ne babban layin."

"Hajiya, kin tabbata?"

"Ni na faɗa da bakina aka rubuta."

Malam Badung ya yi gyaran murya, ya karanta da muryar aji, kalma-kalma: "Ku zo ku sha shahararren farfesun kashin saniya na Hajiya Suwaiba."

Darakta tana riƙe da cokali a hanyar baki, ta tsaya da shi a nan.

"Mai bargo," Malam ya ƙara.

Wani tela a baya ya ce, "To ai dole, garin da sanyi!" Nan fa wuri ya fashe. Direbobi suka faɗo daga benci. Mata suka riƙe juna suna share hawaye. Mai unguwa ya so ya daure, ya cusa gefen rawani a baki, amma kafaɗunsa suka tona masa asiri.

Malam Badung bai san a fara karatu a bari ba. "Kullum da sassafe muke kwaso shi daga mahauta, da duminsa. Ba ma sayar da na jiya."

"Malam, ya isa!" in ji Shu'aibu. Ya daka tsalle kan kwamfuta ya danna wani abu. Rubutun ya ninka girma. Ya sake dannawa, kiɗa ya ƙara sauri, kalmar nan ta rabu da sauran ta zo tsakiyar zane tana juyi ita kaɗai, taurari na zuba a kanta.

"Akwai na rago ga mai so," Malam ya karanta daga ƙasa. "Yara ma suna sha."

Hajiya ta miƙe. "Kashe shi! Shu'aibu, kashe abin nan!"

"Yanzu Hajiya, ƙaramar matsala ce!"

Ya fizge wata waya, fanka ta mutu. Ya fizge wata, firjin lemo ya yi shiru. Majigi kuwa yana nan daram, kiɗa na tashi. Da ya rasa dabara sai ya ruga ya tsaya a gaban zanen ya baza hannuwa don ya tare. Ya manta farar babbar riga ce a jikinsa, ta sha guga ta sha sitaci. Rubutu ya sauka a ƙirjinsa tas, ja wur, yana rawa: KASHIN SANIYA.

Esta tana can gefe ta ce, "Yawwa. Yanzu ne an sa wa kaya suna."

Livinus ne ya ji tausayi ya je ya kashe janareta. Darakta ta ajiye cokali a hankali, ta goge baki, ta ce wa Hajiya abinci ya yi daɗi ƙwarai, amma suna da wani taron. Motoci masu baƙin gilashi suka tashi ɗaya bayan ɗaya, ana jin dariya daga ciki tun kafin su hau kwalta. Fiddausi ta shige ciki da gudu. Hajiya ta tsaya a tsakiyar rumfa, ludayi a hannu, idonta ya kaɗa. Ranta ya ɓaci ba kaɗan ba, don shekara ashirin ba wasa ba ce.

Shu'aibu ya matso yana murmushin dole. "Hajiya, kowa fa ya gane abin da ake nufi. Ƙugiya ce kawai."

Hajiya ta ɗaga ludayi. Ban san yadda aka yi ba, amma waɗanda suka gani sun rantse babbar riga ta riga mai ita isa bakin titi.

Kwana uku bai fito ba. A kwana ukun nan yaran makaranta sun mayar da layin waƙa, direbobi kuwa in sun zauna sai su ce, "Hajiya, a zubo mana na saniya, a sa bargo biyu." Shafin ma ya ƙi saukowa daga intanet, don Injiniya ya manta kalmar sirrin da ya sa.

Rana ta huɗu Shu'aibu ya farka da ƙwarin gwiwarsa cif, kamar ba shi ba. Ya lissafa ya ga ai sunan Hajiya ya zaga Jos kaf, kuma wa ya jawo? Shi. Ya ɗauki waya ya rubuta mata saƙo: yana neman afuwa, ga turmin atamfa da zobe ya tanadar wa Fiddausi tun kafin taro, yana son ya ji matsayinsa.

Ba a yi minti biyar ba amsa ta shigo, kalma biyu: "Ka bata."

Shu'aibu ya yi ihu har maƙwabta suka leƙo. Ya bi layi yana nuna wa mutane waya. "Kun gani? Ta ce in ba ta! Na gaya muku Hajiya ta san darajar ilimi!" Ya je unguwar Jos Jarawa ya tayar da kawunsa biyu daga barcin rana, ya ce su sa manyan kaya. Ya sayi goro da alewa. Ya ɗora atamfa a ka don kowa ya gani, suka nufi gidan abinci, 'yan kallo na biye.

Sun tarar da wuri cike. Hajiya na bakin tukunya, Fiddausi na bayan labule. Kawunai suka yi sallama suka durƙusa, babban ya fara, "Hajiya, mun zo ne a kan albishir ɗin da kika aiko wa ɗanmu..."

"Wane albishir?"

Shu'aibu ya miƙa waya da hannu biyu, baki har kunne. "Ga shi, Hajiya. Kin ce in ba ta."

Hajiya ta karɓa, ta nisanta da ido ta duba, ta mayar masa. Ta goge hannu a zani. Masu cin abinci duk suka ajiye cokali.

"Wayar ce ba ta da ƙugiya, ɗan nan, irin manhajarka," in ji ta. "Amma bakina yana da ita. Matso kusa ka ji da kyau." Ta cika kumatu, ta sake shi yadda na ƙarshen benci ma ya ji. "Ka ɓata."